Babi na Bakwai: Gamba a Kan Iyakar Gona

A ƙasar Tasawa da Mayahi, lokacin da ya fi wahalar da mai dabba shi ne tsakanin ƙarewar kara da fitowar sabuwar ciyawa, wato daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, wata shekarar har cikin Yuli idan ruwa ya yi jinkiri. A wannan tsakanin harawa ta ƙare, ko ta yi tsadar da sai mai turken sayarwa ke iya taɓa ta, karan da aka jibge a kan rumfa ya rage saura kaɗan, daji kuma ya zama fili fetal. A daidai nan ne manomi ke buƙatar shanun amalankensa da ƙarfinsu, tumakin da suka haihu da rani kuma ke shayarwa da ƙashin haƙarƙari a waje. Ruwan farko ma ba ya kawo sauƙi nan take, domin ƙarangiya da komayya da sauran ciyayin da ke fita daga iri sai sun tsiro sun yi makonni kafin bakin saniya ya iya kama su, in kuwa aka samu tsaikon ruwa a bayan tsirowarsu sai su ƙone a tsaye. Akwai wata ciyawa a wannan ƙasa da ke da ganye tun kafin waɗannan su farka, ita ce gamba, wadda masana tsirrai ke kira Andropogon gayanus. Abin da wannan babi ke son tabbatarwa shi ne, gamba za ta iya komawa jigawar Tasawa da Mayahi, amma ta hanya ɗaya: a ɗauke ta a matsayin shuka mai ubangida, a dasa ta a kan iyakar gona, a daina jiran ta dawo da kanta a makiyayar da kowa ke da ita.

Sirrin gamba yana ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya sa dagi ya tono tsohon gindinta zai ga saiwa iri uku. Akwai sirara masu yawa da ke bazuwa kusa da fuskar ƙasa, su ne ke lasar ɗan yayyafin da bai jiƙa ƙasa ya kai taƙi ba. Akwai masu kauri kamar igiya da ke riƙe gindin kam, a cikinsu take ajiye abincin da za ta farka da shi bayan rani. Sai kuma waɗanda ke miƙewa ƙasa tsaye suna bin danshi, nesa da inda saiwar ƙarangiya ke tsayawa. A jigawa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rairayi ba ya riƙe ruwa a sama, yana shanye shi ne ya wuce da shi ciki, kuma abin da ya nutse ya tsira daga rana. Da haka gamba ke iya jure rani na wata takwas har tara, ta zama kamar ta mutu, sa'annan da zarar iskar bazara ta ɗauko danshi aka yi ruwa ɗaya ko biyu, sai a ga kore ya keto daga tsakiyar busasshen gindi. Ciyawar shekara kullum daga sifili take farawa, ita kuwa gamba tana farawa da ajiyar bara. Wajen ƙarshen damina takan wuce tsawon mutum, a ƙasa mai kyau har ta kai mita uku, ta fid da kai cikin Oktoba, irinta mai gashi ya nuna da kaka.

To, in haka take da juriya, ina ta tafi? Amsar da aka saba bayarwa ita ce fari, kuma fari yana da nasa kason. Farin 1973 da na 1984 sun kashe gindi masu yawa a faɗin Sahel, kuma masu binciken makiyaya a Mali sun rubuta yadda gamba ta ja baya zuwa kudu a waɗannan shekaru. Amma ruwa ya ɗan dawo tun daga shekarun 1990, ƙarangiya ta dawo, gamba ba ta dawo daji ba. Dalilin yana ga yadda ƙasar kanta ta sauya. Mazaunin gamba na asali shi ne tsohuwar saura, gonar da aka bari ta huta shekaru da dama, da dajin da ke tsakanin gari da gari. Yau saura ta kusa zama labari. A ƙidayar 2012 gundumar Mayahi tana da mutum fiye da 550,000, ta Tasawa fiye da 500,000, kuma kusan dukkansu da gona suka dogara. Gonaki sun haɗe da juna, abin da ya rage wa dabbobi da damina shi ne burtali da 'yan makiyayu ƙanana da kwarin Gulbin Kaba. Duk dabbar gari a nan ake tara ta daga shuka har girbi. Ciyawar da ke rayuwa shekara da shekaru kuwa, abin da ke kashe ta shi ne a yi ta cizge sabon ganyenta da damina ba hutu. Ta fid da ganye a cinye, ta sake fiddawa daga ajiyarta a cinye, har ajiyar ta ƙare, rani ya riske ta ba komai a saiwa. Da yake dabba tana son ɗanyen ganyen gamba, ita ake fara bi.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana nan a fili ga duk mai tafiya tsakanin Tasawa da Maijirgi, ko tsakanin Mayahi da Kanambakashe. Inda ake ganin gamba a yau shi ne bakin gonaki, a jere, tana raba gonar wane da ta wane. Ruwan da ke sauka a kan wannan layi shi ne ke sauka a burtalin da ke gefensa, rairayin ma iri ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne, daga ranar da aka yi shuka har ranar da hukuma ta sanar da sakin gonaki, ba mai kusantar wurin da dabba, kuma akwai mutumin da zai tashi tsaye in an taɓa ta. Kariyar da al'ada da doka suka ba gero ita ce ta rufe gamba, a daidai watannin da take buƙatar kariya. Da rani, bayan an saki gonaki, ta riga ta yi ajiyarta ta kwanta, kiwo ba ya yi mata illa sosai. Manoman da suka bar ta a iyaka, ko suka ɗauko gindi suka dasa, sun gano abin da ya fi dacewa da ita tun kafin wani malamin gona ya rubuta shi.

Wannan ne ya sa nake ganin kuɗin da ake kashewa wajen watsa irin ciyawa a makiyayar gari yakan tafi a banza idan gamba ake nufi. Kowa ya san halin da burtali da makiyayun jihar Maraɗi ke ciki, garmani ya mamaye su, ganyen da dabba ba ta damu da shi ba, wanda ke samun sarari daidai inda kiwo ya cinye komai. Ana tara mutane a tuge shi, a yi gina, a watsa iri, kuma aikin yana da amfani ga ciyayin shekara, waɗanda wata biyu zuwa uku ya ishe su su zuba iri. Gamba kuwa jaririyarta ba ta da ƙarfi. Shekararta ta farko a gina saiwa take ƙarewa, abin da ke sama 'yan ganye ne sirara da kofato ɗaya zai iya tumɓukewa. Tana son damina biyu ba a taɓa ta ba. Wace makiyaya ce a Sarkin Hausa ko Korgom za a rufe damina biyu, alhali ita kaɗai ce wurin da dabbobin gari ke tsayawa? In an rufe ta, an tura dabbobi cikin gonaki, an sayi rigima. In an sa mai gadi da kuɗin wani shiri, ranar da shirin ya naɗe tabarmarsa gadin ya ƙare. A bakin gona ba a biyan kowa kuɗin gadi.

Dashen ba shi da wuya, amma yana da lokaci. Ana jira sai damina ta zauna, ƙasa ta jiƙe ciki sosai, wajen ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Sai a je ga tsohon gindi mai lafiya, a sa dagi ko gatari a tsage gefe ɗaya, a bar sauran a wurinsa ya ci gaba. Abin da aka ciro a rarraba shi da hannu, kowane yanki da 'yan karare uku ko huɗu da saiwarsu, a datse ganyen a bar kamar taƙi ɗaya don kada rana ta zuƙe shi, a dasa a ranar, in da hali da yamma bayan an ɗauke ruwa. Ramin ya kai zurfin da saiwa za ta shige duka, a jefa ɗan busasshen taki, a mayar da ƙasa a taka da diddige har ta kama. Tsakanin rami da rami kamu ɗaya zuwa biyu ya isa, kuma layi biyu da aka sassaɓa ramukansu sun fi layi ɗaya tare iska. Ana iya shuka iri ma, wanda aka zage da kaka aka ajiye a inuwa har damina, domin sabon iri ba ya tsira da kyau sai ya kwana wasu watanni. Sai dai irin gamba ba shi da nauyi, da yawansa fanko ne, iska tana kwashe shi, tururuwa tana ja, in kuma aka binne shi da zurfi ba ya fitowa. Ga mai layi ɗaya ko biyu a ƙasar da ruwanta bai wuce milimita 400 zuwa 500 ba, dashe ya fi tabbas nesa ba kusa ba, tun da yankin da aka dasa ya zo da saiwarsa da guzurinsa. A shekarar farko a yi mata noma kamar yadda ake yi wa gero, kada a yanke ta, sa'annan da aka saki gonaki a jibga mata ƙaya. Daga shekara ta biyu gindin ya fara faɗi, ta uku kuwa shi ma ya isa a tsage shi a ba wani.

Ƙorafin farko da manomi zai kawo, kuma yana da gaskiyarsa, shi ne ƙasa. Mutumin da gado ya bar masa abin da bai kai hekta biyu ba, da bakuna goma a gida, ba ya son jin an ce ya ba ciyawa ko da kunya ɗaya. Kuma gamba tana cin abinci, layin geron da ke manne da ita yakan fi sauran ƙanƙanta. Amma a auna abin da kyau. Gona mai hekta ɗaya, in murabba'i ce, kewayenta mita 400 ne. Layin gamba mai faɗin mita ɗaya a ɓangarori biyu kawai ya ci murabba'in mita 200, kashi 2 cikin 100 na gonar, kuma wani sashe na wannan wuri dama iyaka ce da ba a shuka ta. A ɗaya gefen ma'auni sai a ɗora abin da iska ke yi. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa, a lokacin da gona take tsirara, gero bai wuce yatsa ba. Rairayin da ke gudu a kan ƙasa yana yanke ganyen shuka, ya cike ramin ya binne ta, sai manomi ya sake shuka, wata shekarar sau biyu ko uku, kuma kowace sakewa tana cin iri tana cin kwanakin damina. Abin da iskar ke ɗauka ta tafi da shi kuwa shi ne lallausar ƙasar sama, inda ɗan ƙarfin jigawa yake. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, an gwada layukan gamba a gefen gonakin gero tun ƙarshen shekarun 1980, aka ga suna kama rairayi mai yawa har wurin ya tashi ya zama tudu. Manomi bai buƙatar ma'auni ya ga wannan, tsohuwar iyakar gamba kullum ta fi gonar da ke gefenta tudu. Ba na cewa layi ɗaya zai kare gona duka, domin inuwar iskarsa ba ta da nisa. Ya kamata ya zama a gabas, inda hadari ke fitowa, ya haɗu da gawo da sabara da kalgon da aka bari a cikin gona, da karan da aka shimfiɗa. Kuma duk wanda ya aske gambarsa har ƙasa da kaka ya rasa wannan amfani gaba ɗaya, sai an bar kututture taƙi ɗaya ko fiye.

Game da ruwa kuwa, tsoron cewa gamba za ta shanye wa gero rabonsa bai kai yadda ake zato ba. Babban binciken makiyayan Sahel da Penning de Vries da Djiteye suka wallafa a 1982, bayan aikin shekaru a yankin Niono na Mali, ya nuna cewa a kudancin Sahel abin da ke tauye tsiro shi ne talaucin ƙasa, rashin sinadaran naitirojin da fosfarus, fiye da ƙarancin ruwa. Gonar jigawa marar taki ba ta iya shanye ruwan da ya sauka mata, wani yana wucewa ƙasa ya ɓace. Gasar da ke tsakanin gamba da gero a bakin gona ta abinci ce galibi, kuma maganinta sananne ne: a ƙara wa layin geron da ke kusa ɗan taki. Takin kuwa daga dabbar da ta ci gambar zai fito.

Ƙorafi na biyu daga masu kiwo yake fitowa, su ce gamba kara ce kawai, dabba ba ta ƙiba da ita. Wanda ya faɗi haka busasshiyar gamba ya gani, kuma a kanta bai yi kuskure ba. Ɗanyen ganyenta yana da furotin kashi 7 zuwa 10 cikin 100, abin da ya ishi saniya ta riƙe jikinta har ta ƙaru. Da ta fid da kai sai ya faɗi ƙasa da kashi 5, in ta bushe a tsaye ya koma wajen kashi 2, a nan kuwa ba ta fi karan gero ba. Saboda haka darajarta ta abinci tana ga lokaci. Ganyen farkon damina, wanda ke zuwa sa'ad da babu komai, shi ne zinariyarta. A yanke shi da lauje a kai wa dabba a turke, kada a ɗaure dabbar a kansa, kuma a ba gindin makonni shida ko fiye kafin a sake komawa. Wanda ke son ajiya ya yanka cikin Agusta ko farkon Satumba kafin kai ya fito, ya shanya a inuwa, ya haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa da ɗan dusa a lokacin bayarwa. Ya kamata a faɗi kuma cewa shanu da tumaki da jakuna ne suka fi cin moriyarta. Jar akuyar Maraɗi ta fi son ganyen itace da 'ya'yan gawo, gamba ba za ta maye mata gurbinsu ba.

A nan ne manomi zai yi zaɓi, domin gamba tana da kasuwa ta biyu wadda ta girmi ta abincin dabba. Da karanta ake saƙa zana, da zana ake darni da rumfa da jikin rumbu, da ita ake jinka. Duk da yawaitar kwano da bulo, gidan ƙauye a wannan ƙasa ba ya rabuwa da zana, kuma gara da rana suna sa a sabunta ta bayan 'yan shekaru. Ranar kasuwa da rani ana ganin amalanke ɗauke da zana a naɗe da dammunan gamba, kuma saƙar aiki ce da ke riƙe magidanci a gida a watannin da wasu ke tafiya cin rani. Mai son dogon kara dole ya bar ta ta girma har kaka, mai son ganye dole ya yanka da wuri, gindi ɗaya ba ya ba da biyun a cike. Wasu na ganin wannan aibi ne, ni kuwa ina ganin shi ne ya sa gamba ta fi kowace baƙuwar ciyawa dacewa da talaka. Shekarar da abincin dabba ya yi wuya ya yanka ɗanya, shekarar da aka samu harawa ya bar ta ta zama zana. Mai layi biyu ya raba, ɗaya na turke ɗaya na saƙa, baɗi ya juya su don wanda aka yanka ya huta. Kuɗin zana ne ya sa manoma suka riƙe gamba a iyakokinsu har yau, kuma duk shirin da ya zo yana maganar abincin dabba kaɗai ya jefar da rabin dalilin da zai sa a karɓe shi.

Akwai abin da ya kamata ya tsaya wa ɗan wannan ƙasa a rai. A 1973 aka ɗauki irin gamba daga tashar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, aka kai cibiyar CIAT a Kolombiya. A 1980 aka fitar da ita ga makiyayan Kolombiya da sunan Carimagua 1, a Barazil kuma da sunan Planaltina, aka shuka ta a manyan filayen da ƙasarsu ba ta da ƙarfi, don ta jure fari da talaucin ƙasa. Abin da muke ratsawa a bakin hanya, wasu sun yi masa gonar iri da kasuwar iri. Sai dai mai karatu zai iya jin wani labarin dabam daga Ostareliya, inda aka kai gamba a 1931, aka fitar da nau'in Kent a 1978, ta tsere daga makiyayu ta cika dajin arewacin ƙasar, gobararta ta riƙa cin manyan itatuwa, har a 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Wannan gaskiya ne, amma bai shafe mu ba. Can baƙuwa ce, a ƙasar da ruwanta ya ninka na Mayahi sau uku ko fiye, ga fili ba iyaka, ba mai yanka ba mai saƙa. Nan gidanta ne, kuma tsakanin lauje da baki ba a barin abin da wuta za ta ci. Darasin da ya rage mana daga can shi ne na hankali da wuta kusa da rumbuna, da kuma yanke layin kowace shekara don kada ya zama maɓoyar ɓera da maciji.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na makiyayi. Bafulatani ko Buzun da ke saukowa daga arewa bayan girbi ya riga ya ga yadda karan da kakanninsa ke kiwo kyauta ya koma abin da ake kwashewa a sayar. In aka ce ciyawa ma ta zama shukar wani, zai ji an ƙara ƙuntata masa. Jihar Maraɗi ta san inda irin wannan ƙunci ke kaiwa, abin da ya faru a Toda a 1991, inda aka kashe mutum fiye da 100, bai kamata a manta da shi ba. Amsata ita ce, gambar bakin gona ba ta ɗauke wa makiyayi abin da yake da shi a yau, domin a inda ake maganar dasa ta babu komai sai rairayi. Sharaɗin shi ne ta tsaya a kan gona. Wanda ya fake da dashen gamba ya ci burtali ko ya tsuke hanyar rijiya ya karya doka, tun daga dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 har zuwa dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, kuma kwamitocin kula da filaye na gari da na gunduma don irin wannan aka kafa su. In an bi ƙa'ida, layin gamba a gefen burtali yana taimakon makiyayi ne, tun da iyaka ce mai rai wadda ba a matsar da ita da dare, kuma kowa ya san da ɗan matsin kowace damina ake cinye burtali. Bayan sakin gonaki kuwa, abin da lauje ya bari da ɗan tohon da ke biyo baya na duk dabbar da ta iso ne, kamar yadda aka saba. Abin da manomi zai roƙa shi ne a kauce wa dashen shekarar farko da ya sa wa ƙaya, kuma wannan magana ce da maigari da arɗo za su iya gamawa a zama ɗaya.

Ba ko'ina gamba za ta yi ba. Ruwa yana raguwa in ana hawa arewa, kuma a arewacin Mayahi da ƙasar Urafan, inda shekara marar kyau ke sauka ƙasa da milimita 350, gamba tana bakin iyakar abin da za ta iya jurewa. A can sai a zaɓa mata wuri, gindin tudu inda ruwa ke gangarowa, ko kwari, ko bakin Gulbin Kaba, kuma a ɗauko dashe daga gindin da ya rayu a yankin, kada a kawo daga kudu mai ruwa. A kan fako mai tauri ba ta kamawa sai an fasa ƙasar an yi mata gurbin tara ruwa.

Sauran cikas ɗin na mutane ne. Mai gonar aro ko ta jingina ba ya dasa abin da zai daɗe, don kada mai gona ya ɗauka ana shirin ƙwace masa ita, kuma iyakar da ke tsakanin maƙwabta biyu tana son a yi magana kafin a sa dagi, a san na wane ne layin, ko kowa ya ja nasa ta cikin gonarsa. Mata kuma, waɗanda yawancin tumakin turke nasu ne, su ne suka fi rasa gamana yayin da ƙasa ta yi ƙaranci, kamar yadda Marthe Diarra da Marie Monimart suka nuna a bincikensu na 2006 kan kudancin Nijar. Matar da ke sayen ciyawa da kuɗin ƙuli-ƙulinta ita ce ta fi kowa buƙatar layin gamba, ita ce kuma ba ta da iyakar da za ta dasa. Maigidan da ya ware mata gefe ɗaya na gandu ya ce abin da ya fito nata ne bai yi asarar komai ba, ragon da za ta fitar da layya a cikin gidansa kuɗinsa zai tsaya.

Wannan jiha ta taɓa yin irin wannan aiki da itatuwa. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa gyara, har aka ƙiyasta abin ya kai hekta miliyan 5, bayan dashen gandun hukuma ya sha kasa shekara da shekaru. Abin da ya canza shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne. Gamba ta fi itace sauƙi, domin a shekara ta biyu take fara biya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gindin da za a tsaga, musamman a garuruwan da ta ƙare ƙaf. Wannan aiki ne da cibiyar INRAN ta Tarna da malaman gona na Tasawa da Mayahi za su iya ɗauka ba tare da jiran kuɗin waje ba: ɗan fili a kowace ƙaramar hukuma, a tara gindi daga yankin, a raba wa manoma cikin Agusta. Kai kuma mai karatu, in kana da gona a jigawa, duba gefenta na gabas tun yanzu, ka nemi maƙwabcin da ke da tsohon gindi ku yi magana kafin damina ta zauna.